Gem ɗinka na tsinkewa? Ga yadda zaka gane ko furosesa ce ke rage gudu

Koken kusan iri ɗaya ne kullum. Ka kunna gem, mintunan farko komai lafiya lau, 'yan wasa na gudu sumul, can sai ka ji fanka ta fara ihu, hoto ya fara tsinkewa, ka danna fasin sai bayan an ƙwace ƙwallon sannan ɗan wasanka ya motsa. Abin da yawancin mutane ke yi nan take shi ne su kai a yi musu fomatin, wani ya fara lissafin kuɗin ƙara ram, wani ma haushi ya sa ya karyar da laftof ɗin a kasuwa. Don Allah kada ka kashe ko sisi sai ka auna. Kwamfutar da kanta tana faɗin abin da ke damunta, da lambobi ƙarara, kuma duk manhajojin da zaka duba da su kyauta ne.

Furosesa, wato CPU, ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana da kariya a jikinta. Idan zafi ya kai iyakar da aka yanka mata sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace, kamar dai direban da ya hango rami ya taka birki. Yawancin na Intel iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Celsius, na AMD Ryzen kuma da yawansu wajen 95. To amma ba zafi kaɗai ke sa ta rage gudu ba, kuma nan ne mutane ke ɓata kuɗi. Akwai iyakar wutar da aka yarda ta ja, akwai saƙon da wani ɓangare na kwamfutar kamar caja ko batir ke aiko mata cewa ta lafa, sannan akwai lokacin da furosesar ma ba ruwanta, laifin wani ne daban. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan komai.

Fara da lura da lokacin da abin ke faruwa

Tun kafin ka sauke wata manhaja, wannan kaɗai ya rage maka rabin aiki. Idan gem ya fara da kyau sai bayan minti biyar ko goma ya lalace, kuma idan ka kashe ka bar ta ta huce ya dawo daidai na ɗan lokaci, to zafi ne mafi kusa. Idan tun daga sakan na farko yake ja, da sanyin safiya da tsakar rana duk ɗaya, to ka fi zargin caja, saiti, ram ko GPU, wato ɓangaren da ke zana hoton gem. Idan kuma hoton na tafiya lafiya amma abokin karawarka ne ke ɓacewa ya bayyana a wani wurin, kuma sai a wasan onlayin kawai, wannan netwok ne, ka buga da kwamfuta ba intanet ka gani, in ya tafi daidai ka ƙyale furosesa ta huta.

Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka danna CPU. Akwai Base speed a gefe, wato tushen gudunta, akwai Speed da ke canjawa. Misali i5-8250U, wadda ke cikin laftof na ofis da yawa da ake shigo da su na hannu irin su EliteBook 840 G5 da Latitude 5490 da ThinkPad T480, tushen gudunta 1.6 GHz ne tana iya haurawa har 3.4. Ita kuma i7-9750H ta laftof ɗin gem daga 2.6 ne zuwa 4.5. Idan kwamfuta na zaune ba aikin komai ka ga gudun ya sauka ƙasa, wannan ba matsala bace, tattalin wuta take yi. Matsala ita ce gem na kunne, ana buƙatarta, amma ka ga ta faɗo ƙasa da tushen gudunta ta zauna a can.

Task Manager ba ya nuna zafin furosesa, shi yasa kake buƙatar HWiNFO64. Idan ka buɗe shi ka zaɓi Sensors only. Lambobi zasu cika maka ido, kada ka tsorata, abu huɗu kawai kake nema. Zafi, wato CPU Package a Intel ko Tctl/Tdie a AMD. Gudu, wato Core Effective Clocks. Wutar da take ja, CPU Package Power. Sai layukan da ke cewa Yes ko No, a Intel zaka ga Core Thermal Throttling da Power Limit Exceeded. A ƙasa akwai ɗan maɓalli mai hoton agogo, ka danna shi ya goge tsofaffin lambobi, ka bar manhajar a buɗe, ka shiga gem ka buga har sai abin ya faru, sannan ka dawo ka duba layin Maximum. Kada ka duba Current, domin da zarar ka fita daga gem zafin ke zubewa cikin sakanni kaɗan, sai ka ga 60 ka ce ai lafiya ƙalau alhali ɗazu ta taɓa 99.

In kana son gani kai tsaye kana cikin wasa, MSI Afterburner da abokin tafiyarsa RivaTuner suna rubuta lambobin a kusurwar sikirin. Ka shiga Settings, Monitoring, ka zaɓi zafin CPU da na GPU da yawan aikinsu da Framerate, wato yawan hotunan da gem ke nunawa a sakan ɗaya, kowanne ka sa masa alamar Show in On-Screen Display. Amma ka sauke shi daga shafin MSI na asali kawai, akwai shafukan bogi da ke kwaikwayonsa suna raba ƙwayar cuta.

Idan zafi ne

Ka ga 95 zuwa 100, layin Thermal Throttling ya ce Yes, gudu na sauka daidai lokacin da hoto ke tsinkewa. Shikenan an kama ɓarawo. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: yawancin kamfanonin laftof suna rubuta cewa a yi amfani da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai watan Afrilu na haura 40 a waje, ɗaki mai kwano ba silin kuma ka san yadda yake da azahar. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take ja ta hura, in iskar da zafi ta shigo to da zafi za a fara. Ga kuma ƙurar hunturu da ta kwashe watanni tana shiga. Shi yasa laftof ɗin da ta yi maka lafiya a Disamba take gaza ka a bazara, ba wai ta tsufa cikin wata uku bane.

Gwajin da ba ya cin kuɗi: ɗauke ta daga kan katifa ko kafet ko cinyarka, ka ɗora a tebur, ka ɗaga bayanta da wani abu yadda iska zata shiga ta ƙasa, ka juyo mata fankar ɗaki. In lambobi suka sauka da digiri biyar ko fiye kuma gem ya daɗe kafin ya fara tsinkewa, ka tabbatar hanyar iska ce.

Daga nan sai shara. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka cire caja, ka kwance murfin ƙasa, abu na farko ka zare wayar batir daga allon uwa, babban allon da komai ke manne a kansa. Zaka ga fanka, da bututun jan ƙarfe da ya taso daga kan furosesa ya nufi wasu siraran faranti na ƙarfe a bakin ramin da iska ke fita. Ƙurar da ke kashe ka ba wadda ke kan fukafukan fanka bace, tana tsakanin fankar da waɗannan farantan, ta dunƙule da zare da gashi ta zama kauri ta toshe ƙofar gaba ɗaya, kuma daga waje ba a ganinta, sai ka kwance fankar ka ɗaga sannan zaka cire ta da yatsa a dunƙule. Ka bi da tsohon buroshin haƙori a hankali. In zaka yi amfani da bulowa ka danne fankar da yatsa kada ta juya, iska mai ƙarfi na juya ta fiye da ƙa'ida ta lalata ta. Kuma hura iska daga waje ba tare da buɗewa ba sau da yawa tura ƙurar ciki kawai yake.

Sai man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda a jikin kwalinsa zaka ga an rubuta thermal paste. Laftof ɗin da ta shekara huɗu ko biyar ba a taɓa ta ba, yawanci zaka samu ya bushe yana farfashewa. Ka kwance sukurorin ƙarfen, akwai lambobi 1, 2, 3, 4 a jikinsu, ka bi su a jere kana sassautawa kaɗan kaɗan. Ka goge tsohon man da tsumma mai laushi da sifirit na isopropyl har ƙarfen ya yi ƙyalli, ka sa sabo ɗan kaɗan yadda zai rufe fuskar guntun duka ba tare da ya yi kauri ba, ka mayar ka ɗaure da bin lambobin. Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1 sun wadatar. Ni dai ban yarda da farin man nan mara suna da ake sayarwa a ɗan sirinji ba, aikin buɗewa ɗaya ne, gara ka sa mai kyau. Waɗancan 'yan katifun roba masu laushi da ke kan sauran guntaye kada ka yar da su kada ka yage su, su ke kwashe zafin ɓangaren da ke ba furosesa wuta. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: wasu laftof ɗin gem, irin ASUS ROG daga 2020 zuwa sama, suna zuwa da ruwan ƙarfe a maimakon man, shi kuma wutar lantarki na bi ta cikinsa, ɗigo ɗaya a kan allo ya isa ya kashe kwamfutar. In taka irin wannan ce, ko hannunka bai saba ba, kai wa mai gyara ka tsaya a kansa ka ga ya ɗaga fankar da idonka. In kuma kana buɗewa ka ga batir ya kumbura, ka dakata da komai ka canja shi tukuna.

Akwai wata dabara ta saiti ga wanda ba zai iya buɗewa yanzu ba. Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management, sai Maximum processor state. In ka mayar da shi 99 daga 100, a kwamfutoci da yawa wannan na kashe tabo, wato ƙarin gudun da take yi sama da tushe, furosesa ta tsaya a tushen gudunta, zafi ya faɗi sosai. A kan irin i7-9750H mai tushen 2.6 wannan na iya sa gem ya daina tsalle-tsalle ya zauna daram, kuma wallahi Framerate 45 da ke zaune ya fi daɗin bugawa a kan 60 da ke faɗowa 20 kowane minti. Amma a kan mai tushen 1.6 ka rage mata da yawa, ba lallai ya biya ka ba. Gwada ka gani, mayarwa ba wuya. Ka duba wannan wurin ko da ba zaka canja ba, don wani lokacin zaka tarar wani ya taɓa sa shi a 50 ya manta.

Idan wuta ce

Nan zafi na 70 ko 80, bai kai iyaka ba, amma gudu ya sauka. Ka duba CPU Package Power. In ka ga ta fara da wat 25 ko sama sannan bayan kusan rabin minti ta dawo 15 ta tsaya cak, wannan ba lalacewa bace, haka aka gina ta. Intel na da iyaka biyu, PL2 ta ɗan gajeren lokaci da PL1 ta dogon zango, kuma furosesa mai harafin U a ƙarshe yawanci wat 15 aka yanka mata, mai H kuma 45. Laftof ɗin ofis an yi ta ne ta buɗe takarda da sauri ta koma ta huta, ba ta yi awa biyu tana gudu ba. Man furosesa mafi tsada a duniya ba zai canja wannan ba.

Abin da zaka iya gyarawa shi ne caja da saiti. Gem a kan batir ba ya taɓa yin daidai, kwamfutar na rage wa furosesa da GPU wuta, NVIDIA ma na da Battery Boost da ke tsayar da gem a wajen 30. Ka jona caja, ka shiga Settings, System, Power, ka sa Power mode a Best performance, in akwai manhajar kamfanin irin Armoury Crate ko Lenovo Vantage ko Omen Gaming Hub nan ma ka zaɓi yanayin ƙarfi. Sannan ka juya cajar ka karanta wat nawa ce, ka gwada da abin da laftof ɗin ke nema. Ta gem na neman 135, 150, 180 har 230, ka ba ta cajar 65 don bakin ya shiga, zata kunnu amma ba zata taɓa sakin jiki ba. In kuma wutar gidan ce ke rawa, ko janareta na numfashi, zaka ga hasken sikirin na canjawa da kansa alamar caja na ɗaukewa tana dawowa, duk ɗaukewa ɗaya kuma gem ya tsinke.

Yanzu ga wadda ta fi ba mutane wahala. Ka buɗe Task Manager ka ga Speed ya maƙale a 0.79 GHz, ko 0.39, ba ya motsi ko me ka buɗe, kwamfutar kuma sanyi ƙalau. Wannan shi ne BD PROCHOT, saƙon da wani ɓangare ke aiko wa furosesa cewa akwai haɗari ta koma mafi ƙarancin gudu. Babban mai jawo shi caja ce. Cajar Dell mai zagayen baki tana da siririyar allura a tsakiya, ta nan laftof ke tambayarta ke wacece kuma wat nawa ce, HP ma na da irin wannan allurar. In cajar jabu ce, ko allurar ta lanƙwashe, ko wayar ta karye a ciki, sai laftof ta ƙi yarda da ita, ta rage gudu, wani lokacin ta ƙi cajin batir. A Dell ka danna F2 lokacin kunnawa ka shiga BIOS ka duba bayanin batir, in wurin AC Adapter ya nuna wat ɗin to ta gane ta, in ya ce Unknown ka samo amsa. Ari cajar asali a wurin wani ka gwada kafin ka saya. In ba caja bace, ka kashe, ka cire komai, ka danne maɓallin kunnawa na sakan 30, wani lokacin wannan kaɗai ke sakinta. Mataccen batir ma na jawo shi.

Ga masu Intel, manhajar ThrottleStop na da maɓallin Limits da ke nuna dalilin da sunansa, THERMAL ko PL1 ko PL2 ko BD PROCHOT, ja na nufin yanzu yake faruwa, rawaya na nufin ya faru ɗazu. Zaka iya cire alamar BD PROCHOT gudu ya dawo nan take, kuma a matsayin gwaji wannan yana da kyau. Amma ban so ka mayar da shi magani ka manta, domin in da gaske wani ɓangare ne ke ƙonewa ka toshe masa baki kenan. Batun rage wa furosesa boltej da ake yawan ba da shawara kuwa, tun bayan matsalar tsaro ta Plundervolt a ƙarshen 2019 kamfanoni da yawa sun kulle shi ta BIOS, in ka ga wurin a kulle kada ka wahalar da kanka.

Idan furosesar ba ruwanta

Zafi daidai, gudu a sama, ba Yes ko ɗaya, amma gem na ja. Ka rage girman hoto zuwa 1280 da 720 ka sake gwadawa. In lambar Framerate ta tashi sosai, GPU ne ya gaza, ka rage inuwa da sauran ƙawa, in gem ɗin na da FSR ko DLSS a saitin hotonsa ka kunna. Shi ma GPU na rage gudu don zafi, na NVIDIA a laftof wajen digiri 87, kuma sau da yawa bututu ɗaya suke rabawa da furosesa, sharar da ka yi ta amfane su duka. In kuma lambar bata motsa ba, to can wajen furosesa ko ram ne cikas ɗin.

Ka tabbatar gem ɗin na hawa kan babban GPU. Laftof mai guda biyu wani lokacin sai ta ɗora shi a kan ƙaramin na Intel, NVIDIA na zaune a sifili. Settings, System, Display, Graphics, ka zaɓi gem ɗin ka sa High performance. Mai kwamfutar tebur kuma ya leƙa baya ya ga wayar sikirin a jikin katin GPU take ko a ramin allon uwa na sama, a jikin katin ya kamata ta kasance.

Ram kuma ba yawansa kaɗai ake dubawa ba. A Task Manager ƙarƙashin Memory akwai Slots used, in ka ga 1 of 2 to sanda ɗaya ke aiki, hanya ɗaya kenan maimakon biyu. Ga wanda bashi da GPU na daban wannan babban rashi ne, domin ƙaramin GPU da ram ɗin kwamfutar yake aiki, sanda biyu na 8 sun fi sanda ɗaya ta 16 nesa ba kusa ba a wurin gem. In kuma Disk ne ke zaune a 100 kuma tsohon hadis (hard disk) ne mai juyawa, tsinkewar da kake gani lokacin shiga sabon wuri daga nan take, SSD ne maganinta. Direban GPU, wato manhajar da ke tuƙa shi, in ya rikice kuma ka cire shi da manhajar DDU a Safe Mode ka sa sabo daga shafin NVIDIA ko AMD ko Intel.

Sai abin da ba a son faɗa, gem ɗin da aka tura maka a filas ko aka sauke a shafin kyauta. A 2021 kamfanin Avast ya fallasa wata ƙwayar cuta mai suna Crackonosh da aka ɓoye a cikin irin waɗannan, har da GTA V da Pro Evolution Soccer 2018, tana kashe kariyar Windows tana haƙar kuɗin intanet na Monero da furosesar mutane. Alamar irin wannan ita ce fanka na ihu alhali baka buɗe komai ba. Wasunsu ma da ka buɗe Task Manager sai su lafa, shi yasa zaka bar HWiNFO a buɗe ka tashi ka ba ta minti goma, in ka dawo ka tarar zafi da wuta sun hau ba dalili to akwai mai aiki a ɓoye. Ka gwada Microsoft Defender Offline scan da Malwarebytes, in abin ya ƙi, a nan ne fomatin ke da amfani.

In duk ka bi waɗannan lambobi sun fito tsaf, ka buɗe abin da gem ɗin ke nema ka gwada da abin da kake da shi. EA Sports FC 24 mafi ƙarancin abin da yake nema GTX 1050 Ti ne da ram 8, laftof mai ƙaramin GPU na Intel UHD 620 kuwa ko kusa bata kai nan ba, komai sharar da aka yi mata. Irin wannan ka ba ta tsofaffin PES ko GTA V a 720 da komai a ƙasa, ka tsayar da Framerate a 30 ta RivaTuner don ya zauna wuri ɗaya, kuɗin da zaka kashe a kanta kuma ka tara su don mai GPU na daban da harafin H a ƙarshen sunan furosesarta.